Rabawar Da Ban Yi Ba

Akwai wata Asabar a wani ɗakin taro a Kazaure da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. A ranar na zauna a kujerar baya ina kallon mijina yana rushe aikin shekara uku da hannunsa, a kan allo, a gaban malamai sun fi hamsin. Duk waɗanda ke wurin sun tafi da cewa wani dattijo ne ya yi kuskuren lissafi. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, kuma sai yau na iya buɗe baki in faɗa.

Mijina hedimasta ne a wata 'yar firamare a ƙauyenmu, tsakanin Gwiwa da Roni. Ni ma a nan nake koyarwa, ina riƙe da 'yan aji uku. Malam kowa yake ce masa, har ni, shi kuma Malama yake kirana ko a tsakar gida. Karatunsa bai wuce kwalejin horon malamai ba. Ya so ya ci gaba, sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne da gona, dole ya dawo gida ya kama aiki. Amma son lissafi bai sake shi ba. Mutum ne da idan mota ta wuce zai karanta lambarta, ka ga leɓensa yana motsi yana rarraba ta a ka.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne lambobin da ba sa rabuwa. Da goro ya fara yi mini bayaninsu tun ina amarya. Ya ce idan kina da goro goma sha biyu, za ki iya raba wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya samu daidai ba saura. Amma goro goma sha uku, ko dai ki ba mutum ɗaya duka, ko ki tara mutum goma sha uku ki ba su ɗaya-ɗaya. Duk yadda kika yi bayan wannan sai an bar saura. Irin su biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha ɗaya, goma sha uku ke nan. Ya ce ba su da iyaka, kuma ba wanda ya san wata hanya mai sauƙi da za a bi a riƙa tsinto su. Idan lamba ta girma, sai dai a zauna a yi ta gwada ta.

To wata rana ya shigo gida da sauri, ko takalmi bai cire ba, ya ce in zo in gani. Ya rubuta 31 a ƙasa da tsinke, ya ce ba ta rabuwa. Ya ƙara uku a gabanta ta zama 331, ita ma ba ta rabuwa. Ya ƙara wani ukun, 3331, haka. Ya ce yana jin ya faɗa kan hanya. Da 'yar kalkuletarsa irin ta masu shago ya bi su ɗaya bayan ɗaya, damina ta zo ta wuce yana bi, har ya kai mai uku bakwai da ɗaya a ƙarshe, wato 33333331. Lamba bakwai a jere, ko ɗaya ba ta rabu ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Cewa yake idan ta takwas ma ta tsaya, zai rubuta wa manyan masana, a san cewa wani malamin ƙauye ya ga abin da ba a gani ba.

Matsalar ita ce ta takwas ɗin, 333333331, ta fi ƙarfin kalkuletar, don gurbi takwas kawai take ɗauka, ita kuwa wannan tara ce. Sai da hannu. Ya yi mini bayani cewa ba sai an gwada ta da kowace lamba a duniya ba. Kamar ɗari ce, idan ba ka sami abin da ya raba ta ba daga biyu zuwa goma, ba sai ka wuce nan ba, tunda goma sau goma shi ne ɗari. Ita wannan iyakarta tana wajen dubu goma sha takwas da ɗari biyu da 'yan kai, kuma marasa rabuwa kawai za a gwada. Duk da haka sun haura dubu biyu, kuma shi da kansa zai tace su ya fitar da su kafin ya fara rabawa da su. Ya sayo littattafan rubutu, ya ja layi biyu a kowane shafi: gefe ɗaya lambar da aka gwada, ɗaya gefen abin da ya yi saura. Aikin kansa a wani ƙaramin baƙin allo ake yi a goge, don takarda ba ta isa.

Ranar da ya sa zai fara, sai ya tashi da ciwon ido, idanun sun yi ja sun kumbura. Ya ƙi yarda ranar ta wuce. Ya miƙo mini littafin da allon ya ce, "Malama, ke za ki buɗe mana. Tara na farko kawai, daga biyu zuwa ashirin da uku. Ai kin ma fi ni tsabtar rabawa."

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma ranar ce ake sunan ɗan ƙanwata a Babura, kuma mun yi shatar mota da matan unguwa. Na zauna da kwalliyata na fara. Biyu, uku, biyar, waɗannan ko alli ba sa buƙata. Na yi bakwai, na yi goma sha ɗaya, na yi goma sha uku, duk da saura. Ina rubuta goma sha bakwai a allon sai ga sallama daga zaure, maƙwabciyata tana cewa, "Yaya, ki fito mana, direba ya ce zai tafi ya bar mu!" Na dubi ɗakin Malam, yana kwance da tsumma a ido. Na ce a raina, lambobin Malam bakwai na baya sun wuce ba wadda ta rabu, wannan ce za ta rabu tun a bakin ƙofa? Na ɗauki biro. Gaban goma sha bakwai na rubuta saura biyar. Gaban goma sha tara na rubuta wani abu, gaban ashirin da uku wani abu, duk daga kaina. Na ce idan na dawo zan yi su a tsanake in gyara. Na rufe littafin na leƙa na ce, "Malam, na gama."

Ya ce, "Madalla. Allah Ya yi albarka. A gaida mai jego."

Kwana biyu na yi a Babura. Da na dawo idonsa ya washe, har ya cika shafi uku. Littafin ya koma hannunsa, ni kuma na ce gobe.

Mutane za su ce mantawa na yi. Da ma hakan ne. A watannin farko kullum sai abin ya faɗo mini, musamman idan na gan shi bayan La'asar a gindin darbejiya da allonsa a cinya. Aikin minti goma ne. Sau ɗaya na taɓa ɗaukar allon yana masallaci, na rubuta lambar, na rubuta goma sha bakwai a gefe, sai na ji takunsa, na yi maza na goge da bakin zanena. Bayan nan ban ƙara ba. Kullum ya ce mini yau ma ba ta rabu ba, sai in ji sanyi, in ce ka gani, da ma na sani. Yanzu da na tsufa na gane ba tabbaci ne ya hana ni ba, tsoro ne. Da aka yi wata shida, faɗin gaskiya yana nufin in ce masa wata shida kana gini a kan abin da ban duba ba. Da aka yi shekara, nauyin ya ninka. Na zaɓi kada in sani.

Shi kuwa kowace rabawa sau biyu yake yin ta, sannan ya ninka ya mayar ya ga ta koma daidai. Shafi ɗaya ne tak a duk littattafan bai sake dubawa ba, nawa.

A cikin shekara ta biyu takarda ta zo daga ofis cewa duk malamin da bai ƙaro ilimi ya sami babbar shaidar koyarwa ba, za a sauke shi daga shugabanci. Aka buɗe karatun ƙarshen mako a Kazaure. Ni na shiga, abokansa suka shiga. Shi ya ce Asabar da Lahadi su ne kawai ranakun da yake samu ya yi aikin da kyau, bari ya gama, zai shiga zagaye na gaba. Zagaye na gaba ya zo saura masa littafi biyu, ya ce na gaba. Na yi masa magana, amma a sanyaye, don duk lokacin da zancen lambar ya taso ba na iya haɗa ido da shi. Idonsa ya fara rauni, aka yanka masa tabarau. Gonarsa ta gero ciyawa ta ci rabinta a damina ta uku. A majalisa har tsokanarsa ake yi, "Malam, yau an samu ta rabu?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Tana nan daram."

Ranar da ya gwada ta ƙarshe ya kira ni, ya nuna mini layin. Ya ce, "Malama, ta tsaya. Takwas a jere." Washegari ya sa aka toya waina aka raba sadaka. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani malamin lissafi a wata babbar makaranta a Kazaure, bai faɗi komai dalla-dalla ba, ya ce dai yana da abin da yake so ya nuna wa masana. Mutumin ya amsa da mutunci, ya ce akwai taron malaman lissafi da za a yi, ya zo za a ba shi minti goma sha biyar.

Ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Littattafan guda goma sha ɗaya ya ɗaure su da igiya ya rungume a ƙirji tun daga kan babur har cikin mota. A hanya yana ta maimaita abin da zai faɗa.

Da aka kira shi ya fita a nutse. Ya rubuta 31, ya rubuta 331 a ƙarƙashinta, ya yi ta sauka har ya kai ta takwas, suka yi kamar matakala a kan allon. Ya yi bayani da Hausa mai daɗi, ya faɗi shekarun da ya yi, ya kwance igiyar ya ɗaga littattafan. Aka yi tafi. Wallahi na ɗan lokaci har na yarda cewa na tsira.

Malamin da ya gayyace shi matashi ne mai ladabi, yana zaune a gaba da kwamfuta a kan tebur. Na ga ya danna wani abu, ya tsaya, ya sake dannawa. Ya tashi ya matsa kusa da Malam ya rage murya, amma ɗakin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Baba, ko za mu ɗan zauna bayan an tashi?"

Malam ya ce, "A'a, ɗana, faɗi a nan. Don a duba na kawo."

Matashin ya ce, "Baba, bakwai na farko duk daidai ne. Ta ƙarshen ce. Ku gwada ta da goma sha bakwai."

Malam har dariya ya yi. Ya ce, "Goma sha bakwai? Ai tun ranar farko aka wuce nan." Ya juya ga allon ya ja layin rabawa kamar yadda yake koya wa 'yan aji biyar. Yana yi yana faɗa da ƙarfi. Goma sha bakwai cikin talatin da uku, ɗaya, saura goma sha shida. Ya sauko da uku. Tara, saura goma. Shida, saura ɗaya. Ya ci gaba, muryarsa tana nan da ƙarfinta, ni kuwa ina bin sa a zuciya, na riga shi isa. Ya zo wajen saba'in da uku, ya ce huɗu, saura biyar. Saura lamba ɗaya a sama, ɗayan nan na ƙarshe. Ya sauko da shi ya ajiye kusa da biyar.

Hamsin da ɗaya.

Nan muryar ta tsaya. Ba wanda ke ɗakin da bai san goma sha bakwai sau uku ba. Ya daɗe a tsaye da allin a sama, bayansa kawai muke gani. Sannan ya rubuta uku, ya rubuta hamsin da ɗaya a ƙasa, ya ja layi, ya zana sifili a hankali, ya rufe shi ruf. Amsar tana sama, 19607843, ba saura ko ɗaya.

Wani daga tsakiya ya ce ai wannan sanannen abu ne, yana cikin littattafai, ana ba da shi misali don kada ɗalibi ya yarda da abu saboda ya faru sau bakwai. Wani ya yi 'yar dariya, aka harare shi. Matashin ya yi ta ƙoƙarin gyara zancen, yana cewa aikin da Baba ya yi da hannu abin yabo ne, kuma abin da ya sa bai ci karo da komai ba a sauran dubu biyun shi ne, lambar gida biyu kawai ta rabu, goma sha bakwai da waccan babbar, ita kuma babbar ba ta rabuwa. Wato ƙofa ɗaya ce tak a duk tafiyar, kuma tana shafin farko.

Malam ya ajiye allin ya kaɗe hannunsa. Ya ce, "Ta rabu. Kuskurena ne. Allah Ya saka da alheri, ɗana." Ya tattara littattafan, bai tsaya ɗaure su ba. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya, kuma na san don kada wani ya bi idonsa ya gan ni ne.

Muka koma gida. Washegari da hantsi na same shi a zaure yana zaune hannu rabbana, ba allo ba littafi. Na durƙusa na ce, "Malam, shafin farkon nan…"

Ya katse ni. Ya ce, "Na sani, Malama. Hannu yakan goce, ba wanda ya fi ƙarfin kuskure. Ni da na ba da aiki ban sake dubawa ba, ni ne mai laifi. Kada ki ƙara tayar da maganar."

Kun ji inda na hallaka. Shi a zatonsa na yi rabawar ne na kuskure. Ya miƙo mini mafaka, ni kuma na shige ciki na yi shiru. Kalma huɗu ce ta rage in faɗa: "Ban yi ta ba." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Malam."

A ranar na ɗauki allon na shiga ɗaki na yi sauran biyun da na tsallake. Goma sha tara ta bar saura goma, ashirin da uku ta bar goma sha biyu. Cikin lambobi fiye da dubu biyu, guda uku na ƙi yi, kuma a cikin ukun nan take.

Wa'adin ƙaro ilimi ya riga ya cika. Kafin shekara ta zagayo aka sauke shi, aka kawo wani wanda Malam da kansa ya koyar a aji shida ya zama hedimasta. Malam bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi kowane darasi ban da lissafi. Ya yi shekara biyu yana koyar da Hausa da tsabta, sannan ya ajiye aikin. Mota takan wuce yana zaune a ƙofar gida, leɓensa ba ya motsi. Wata safiya na aika a sayo mini ƙosai, aka kawo shi a naɗe cikin takarda mai layi biyu, da rubutunsa, mai ya jiƙe lambobin. Ashe ya kwashe littattafan duka ya ba mai ƙosai. Na kasa ci. Na kasa tambayarsa.

Shekara shida ya yi bayan taron nan. Mun zauna lafiya, bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Da ya yi fushi da ni, da ya zage ni, wataƙila da na sami ƙofar da zan faɗa. Kullum ina cewa idan ya ɗan warware zan gaya masa, bai kuma warware ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti a Kazaure, wata rana da azahar mu biyu ne kawai a ɗakin, ya ce, "Malama, ki yafe mini. Na ɓata mana shekaru a kan abin banza."

Na ce, "Na yafe, Malam. Ni ma ka yafe mini."

Ya ce, "Ke me kika yi mini? Na yafe duniya da lahira."

Ba wanda ya shigo, ba abin da ya katse mu. Ina da lokaci. Na gyara masa mayafi na ce ya huta. Bayan kwana uku ya cika.

Mutane suna ce mini na yi dace, mijina ya tafi yana yafe mini. Ni na san abin da ya yafe ba shi na aikata ba. Ya yafe kuskure, ni kuwa ƙarya na yi, na kuma raine ta shekara tara a cikin gidansa. Ina roƙon Allah gafara, ina yi masa addu'a, amma wanda ya kamata ya ji maganar nan ba zai ji ta ba.

Abin da na koya, a makare, shi ne idan aka ba ka amanar aiki ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba, ka bar gurbin a buɗe. Wanda ya yarda da kai ba zai duba bayanka ba, a kan abin da ka rubuta zai ɗora rayuwarsa. Kuma gaskiyar da ta yi maka nauyi yau, ka faɗe ta yau ɗin, tun mai ita yana da kunnen ji.